Rumbun da Aka Yaɓe a Bazara

A azumin shekarar korona, gari na kulle, aka kawo wa Sufeto Khalilu ƙara a ofishinsa na Makoɗa: an sace tukwanen iskar oksijin guda biyu daga asibitin ƙauyen Gidan Kuka. Su ke nan kason ƙauyuka bakwai.

Ko da ya isa, an riga an rufe Malam Usaini, mutumin da ya koya masa karatun allo. Ya rasu yana kokawa da numfashi. Ga matarsa Inna Kaltume a gadon da ya bari, ƙirjinta sai sama da ƙasa yake.

"Idan ba iska, ba za ta kai magariba ba," in ji Furera, ma'aikaciyar jinya.

Khalilu bai yi kuka ba. Zuciyarsa ce ta ɗau zafi, ya rantse sai ɓarawon nan ya gane kurensa.

Ya duba ɗakin ajiya. Kwaɗo lafiyarsa lau. A bayan ɗakin kuwa ga sawun amalanken shanu.

Ya sa aka kira Basiru maigadi.

"Ina kake lokacin da aka ɗauke su?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Ko ƙuda bai gifta ba."

"Shanu biyu da amalanke sun fi ƙuda girma, Basiru."

Basiru ya sunkuyar da kai. "Gida na je shan ruwa. Alhaji Nababa ne ya ce in je, in bar masa makulli, shi zai tsaya mini."

Alhaji Nababa shi ne shugaban kwamitin rabon tallafi, mutumin da in ya tashi jawabi a kan talakawa har hawaye yake yi. Khalilu ya same shi a ƙofar gida, carbi a hannu.

"Kai, wannan rashin imani da yawa yake, Sufeto! Ai 'yan birni ne suka zo da mota."

"Ka ga motar?"

"Ƙararta na ji."

Khalilu ya nemi izinin zagaya gidan. Bai sami komai a ɗakuna ba. Sai a bayan gida ya ja ya tsaya.

Shi ma ɗan manomi ne. Da kaka ake yaɓe bakin rumbu, bayan an zuba hatsi. Yanzu kuwa bazara ce, kuma shekarar wahala; kowane rumbu a garin buɗe yake, ana kankare gindinsa. Amma ga na Alhaji guda ɗaya a yaɓe. Ya hau tsani ya danna yatsa, laka ta lotsa.

"Alhaji, wane hatsi ka girbe jiya?"

Carbin ya tsaya cak.

Kurtun ɗan sandan da ya rako shi ya kawo fartanya ya fasa. Ga tukwanen nan biyu, an lulluɓe su da ƙaiƙayi.

"Wallahi ba sayarwa zan yi ba," in ji Nababa. "Cutar nan manya take ɗauka. Na ce in ajiye saboda kaina da iyalina. Malam ai ya tsufa..."

Hannun Khalilu ya tashi sama. Da ƙyar ya sauke shi, don mari ya yi wa mutumin nan kaɗan.

Ya sa kurtu ya ɗora tukunya ɗaya a mota, ya garzaya da ita wurin Inna Kaltume.

"Ɗayar fa, ranka ya daɗe?"

"Wanda ya ɗauko ta shi zai mayar."

Haka Alhaji Nababa ya ratsa gonaki da rana tsaka, tukunyar ƙarfe a kafaɗa, bakinsa da azumi, mutanen gari na biye da shi. Suna isa asibiti, Furera ta leƙo ta taga ta ce Inna ta buɗe ido.

Nababa ya zube a bakin ƙofa yana haki.

"Sufeto, numfashina... a ɗan sa mini iskar nan."

Khalilu ya danna masa ankwa.

"Malam ma haka ya roƙa. Tashi mu tafi."