Majanyin da ke Gidan Tarihi

Tun da aka binne jaririnta Salamatu ba ta yi kuka ba. Ta koma bakin aikinta a gidan tarihi na Argungu, tana goge ganguna da takubba, tana amsa gaisuwar mutane ba tare da ta ji me suka ce ba.

Wata magariba, an ɗauke wuta, ta shiga ɗakin tufafin dā za ta kulle. Sai ta tarar da wata tsohuwa ta sauke majanyin saƙi da ke rataye tun kafin a haifi Salamatu, tana warware shi. Ɗakin ya cika da ƙanshin man kaɗanya.

"Inna, an tashi," in ji Salamatu. "Kuma ba a taɓa kayan nan."

"Nawa ne, ɗiyata. Da shi na goyi nawa duka." Muryar ta fito, amma bakin tsohuwar bai motsa ba. "Taho ki aza mani yaron."

"Wane yaro?"

"Wanda ke bayanki. Ya gaji, ke ma kin gaji."

Salamatu ta kai hannu baya a hankali, yadda ta saba. Tafinta ya sauka a kan 'yar ƙafa mai sanyi, yatsun suka motsa.