Faifan da Ya Yanke Kaka

Wata yarinya ce, auta a gidansu. Shekarunta goma sha ɗaya. Tana da ƙoƙari a makaranta, amma tana da hali guda. Idan aka aike ta, sai ta gyara saƙon a hanya yadda ya yi mata.

Kakanta tsohon direban babbar mota ne. Ba ya yawan magana. Labari ɗaya ne kawai yake maimaitawa. Ya ce lokacin yana saurayi, masu shirya fim sun ɗauki motarsa ta kwasar musu kaya. Ranar da suke ɗaukar hoto a bakin wata gada, aka ce ya tsaya jikin motar kada ya motsa. Ya tsaya. Da haka ya shiga fim. Sau ɗaya ya kalle shi a sinima, bai sake ganinsa ba.

Kaka yana da aboki, mai aski ne a bakin layi. Shekara arba'in suna tare. Mai Aski bai taɓa yarda da labarin nan ba.

"Direba, kai da fim?" in ji shi kullum. "To ni ma na taɓa tuƙa jirgin sama."

Mutanen shagon askin su yi dariya. Kaka ya haɗe rai.

Wata Asabar da safe Kaka ya kira Auta. Gwiwarsa na ciwo, ba ya iya tafiya mai nisa.

"Mai shagon faifai ya aiko," in ji shi. "Ya samo fim ɗin nan. Ya ce iri biyu ne. Ki karɓo mai faɗi. Kin ji? Mai faɗi."

"Na ji, Kaka."

"Maimaita."

"Haba Kaka, sai ka ce jaririya!"

Ta zura takalmi ta fita.

Shagon ƙarami ne. Faifai ne jere har rufi. Akwai talabijin biyu a kan kanta. Mai shago ya ɗauko kwali biyu ya ajiye a gabanta. Hoton jikinsu iri ɗaya ne.

"Wannan mai faɗi," in ji shi. "Wannan kuma mai cika allo."

"In gani," in ji Auta.

Ya saka na farko. Hoton ya fito siriri a tsakiya. Sama baƙi, ƙasa baƙi. Mutanen ciki ƙanana.

Auta ta taɓe baki. Ta tsani baƙin nan. Talabijin ɗin gidansu tsohuwa ce, mai ƙatuwar ƙeya, allonta ba faɗi. A ganinta duk fim mai baƙi sama da ƙasa an rage shi ne.

Ya saka na biyu. Hoton ya cika allo fal. Fuskoki manya, ba baƙi ko kaɗan.

"Wannan zan ɗauka," in ji ta.

"Yarinya, ba mai faɗi kakanki yake so ba?"

"Wancan an cinye rabinsa."

"Ba a cinye komai ba. Tsaya in nuna miki."

"Malam, ni na san talabijin ɗinmu. Ba ni wannan."

Mai shago ya dube ta. Ya saka faifan a leda ya miƙa mata.

Bayan azahar aka taru a falo. Mama ta kawo shayi. Kaka ya sa rigarsa mai kyau. Ya aika aka kira Mai Aski, ya zo da maƙwabta biyu, wai su zama shaida.

"Yau za a san maƙaryaci," in ji Kaka.

"Ni dai na rufe shago saboda kai," in ji Mai Aski. "Allah ya sa ba inuwarka kaɗai za mu gani ba."

Auta ta saka faifan. Hoto ya cika allo. Ta ji daɗi a ranta. Kaka bai lura da komai ba, idonsa na kan fim.

Aka yi kusan awa ɗaya. Sai ga gada ta fito.

"Nan ne!" in ji Kaka. Ya miƙe duk da ciwon gwiwa. "Ku duba hagu. Hagu!"

Kowa ya duba hagu. Ga jarumin fim a tsakiya yana magana. Ga ƙarfen gada. A can gefen allo ga hancin mota da fitila ɗaya. Babu mutum.

"Mayar baya," in ji Kaka.

Auta ta mayar. Hancin mota, fitila ɗaya.

"Sake mayarwa!"

Sau huɗu ana mayarwa. Babu Kaka.

Mai Aski ya fashe da dariya har shayi ya zube masa a wando.

"Na gan ka, Direba! Wallahi na gan ka! Ashe kai ne fitilar!"

Maƙwabtan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Fuskar Kaka ta canza. Ya nuna ƙofa da sandarsa.

"Fita daga gidana."

"Haba Direba, wasa ne."

"Na ce fita! Shekara arba'in kana mayar da ni abin dariya. Daga yau almakashinka ba zai ƙara taɓa kaina ba."

Mai Aski ya daina dariya. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa.

"Ni ka kora a gaban mutane? To riƙe kanka. Dama gashi nawa ya rage?"

Ya buga ƙofa ya tafi. Maƙwabtan suka bi bayansa sum-sum. Kaka ya shiga ɗakinsa ya turo ƙofa. Mama ta kai masa abinci, ya ce ta fita da shi.

Auta ta zauna a kusurwa tana wasa da yatsunta.

Mama ta ɗauki kwalin faifan ta juya bayansa. Ta karanta. Ta ɗago kai.

"Auta, me kakanki ya ce ki karɓo?"

"Mai faɗi."

"To me ya sa nan aka rubuta mai cika allo?"

Auta ta kau da kai.

"Shi mai shagon ya ba ni."

"Shi ya ba ki?"

"E, Mama."

Ran Mama ya ɓaci. Ta ɗauki jakarta, ta kama hannun Auta.

"Mu je. Yau zai gaya mini dalilin da zai cuci tsoho."

Auta ta so ta yi magana a hanya. Tsoro ya hana ta. Mama na tafiya da sauri tana faɗa ita kaɗai.

Suna shiga shago Mama ta dangwarar da faifan a kan kanta.

"Malam, wannan wane irin aiki ne? An ce mai faɗi, ka ga yarinya ce ka lallaɓa mata wani. Ka haɗa tsofaffi biyu faɗa. Mahaifina yana can ya ƙi cin abinci!"

Akwai masu saye uku a shagon. Duk suka juyo.

Mai shago ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Idonsa ya yi ja.

"Baiwar Allah, shekara goma sha biyar ina shagon nan. Ba wanda ya taɓa ce mini macuci. Tambayi 'yarki. Sau nawa na ce mata ba wannan ba ne? Me ta ce mini?"

Mama ta juyo ta dubi Auta.

"Ina jin ki."

Auta ta fashe da kuka.

"Ni na zaɓa, Mama. Ya hana ni, na ƙi. Na ga wancan yana da baƙi sama da ƙasa. Na ɗauka an yanke shi."

Mama ta yi tsaye kamar an dasa ta.

"Kin bar ni na taho tun daga gida ina zagin mutum a kan laifinki?"

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba. Ga shi nan."

Auta ta durƙusa. "Malam, ka yi haƙuri. Na yi maka rashin kunya, kuma na yi maka ƙarya."

Mama ma ta ba shi haƙuri. Mai shago ya yi tsaki, ya ɗau lokaci yana goge kantar da ba ta da datti. Can ya ce, "Tashi. Zo nan. Abin da kika hana ni nuna miki da safe, yanzu za ki gani."

Ya ciro wani dogon hoto daga bango. Hoton 'yan ƙwallo ne, su goma sha ɗaya a jere. Ya ɗauko wani ƙaramin firam da babu komai a cikinsa.

"Wannan hoton shi ne fim, yadda aka yi shi domin sinima. Wannan firam shi ne talabijin ɗinku. Saka shi ciki."

"Ba zai shiga ba. Ya yi faɗi."

"To hanya biyu ce. Ko a rage girmansa duka ya shiga, sai wuri ya ragu sama da ƙasa. Wannan shi ne baƙin da kika gani. Ba hoto aka rufe ba, dama babu komai a wurin. Ko kuma a yi haka."

Ya ɗora firam ɗin a tsakiyar hoton.

"Mutum nawa kike gani?"

Auta ta ƙirga. "Bakwai."

"Ina huɗun?"

"Suna waje. Biyu nan, biyu nan."

"To kakanki yana cikin na wajen."

Auta ta share hawaye. Ashe wanda ta ga ya cika, shi ne aka yanke.

Mai shago ya duba bayan faifan a haske. Bai ga ƙarzuwa ba. Ya ɗauko mai faɗin ya miƙa wa Mama.

"Ba na karɓar wanda aka buɗe. Don tsohon nan na yi, ba don ke ba, yarinya."

Da suka fito Mama ta tsaya a bakin layi. Ta nuna shagon aski.

"Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Shiga ki kira shi."

Mai Aski yana zaune shi kaɗai yana wasa reza. Ko kallonta bai yi ba.

"Baba Mai Aski, ina wuni?"

"Idan kakanki ya aiko ki, koma."

"Ba shi ba ne. Ni ce na yi laifi. Faifan da na sayo an yanke gefensa. Kaka bai yi ƙarya ba. Don Allah ka zo ka gani."

"Ya kore ni kamar kare."

"Ni na jawo. Idan ba ka zo ba, ba zai ci abinci ba."

Mai Aski ya yi gunaguni. Ya ce gidan nan ya fita daga ransa. Ya ce shi ba yaro ba ne. Duk da haka ya rataye rezar ya jawo ƙofar shago.

Saura Kaka. Auta ta ƙwanƙwasa ƙofarsa.

"Wane ne?"

"Ni ce, Kaka. Ka ce mai faɗi, na karɓo wani da gangan. Na ga kamar na fi ka sani."

Ƙofa ta buɗe. Kaka ya tsaya yana kallonta, sanda a hannu.

"Ban ce ki maimaita ba?"

"Ka ce."

"Kin sa an yi mini dariya a falona."

"Na tuba, Kaka."

Kaka ya wuce ta ya shiga falo. Ya ga Mai Aski a bakin ƙofa. Ba wanda ya gaisa. Ɗaya ya zauna a wannan gefe, ɗaya a wancan.

Auta ta saka faifan. Baƙi sama, baƙi ƙasa. Ta tura shi har wurin gadar.

Ga jarumi a tsakiya. Ga ƙarfen gada. A hagu ga mota gaba ɗayanta. Jikin ƙofarta ga wani dogon saurayi siriri, ya riƙe tsumma, ya ƙame kamar soja.

"Tsayar!" in ji Kaka.

Mama ta rufe baki da hannu. "Baba! Kai ne wallahi!"

Mai Aski ya tashi. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya daɗe a haka.

"Kai ne, Direba," in ji shi a hankali. "Kunnuwan nan ba a iya ɓoye su. Na ci maka fuska shekara da shekaru. Ka yafe ni."

"Hm," in ji Kaka.

"Amma tsakani da Allah, wane mugu ne ya yi maka wannan askin? Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Kai ne. Satinka na farko da koyo."

Mama ta fara dariya. Mai Aski ya bi. Kaka ya yi ta dannewa, har ta ƙwace masa.

"Kawo abincin nan," ya ce wa Mama. "Ki ƙaro cokali ɗaya."

Ya jawo Auta kusa da shi. Ya ja kunnenta kaɗan.

"Gobe ki je ki kira maƙwabtan nan biyu. Ki gaya musu da bakinki abin da kika yi."

"To, Kaka."

Ta je kuwa, ta faɗa musu, suka zo suka gani.

Yara, ku riƙe wannan. Idan aka aike ku, ku kai saƙo yadda aka ba ku. Idan ba ku gane dalili ba, ku tambaya, kuma ku saurari wanda ya san aikin. Idan kuka yi kuskure, ku faɗa da wuri, kada ku ɗora wa wani.