Igiya Huɗu a Takarda

Ƙarfe tara na safe aka buga wa Sufeto waya: liftar ɗaukar kaya ta tsinke a wani babban sito, ta rikito daga hawa na uku da lebura ɗaya a ciki.

Kafin ya iso, har kurata sun rufe makanikin siton, wani dattijo. Mamacin kuwa ɗansa ne na cikinsa. Uba za a gurfanar da laifin kashe ɗansa!

"Sakacinsa ne, yallaɓai," in ji manajan siton, yana miƙo fayil. "Ga rahoton dubawa na kowane mako. Lafiyarta ƙalau."

A bayan kanta Sufeto ya tambayi dattijon, "Baba, ka taɓa kai ƙorafi?"

"Sau uku, ɗana. Na ce igiya ta fara cinyewa, a sayo sabuwa. Manaja ya ce wai na fi takarda sani ne?"

Manaja ya rantse bai taɓa jin wannan magana ba.

Washegari Sufeto ya tsaya a bakin ramin liftar yana karanta rahoton. Rubutu tsaf-tsaf, abin sha'awa: an duba igiyoyi huɗu, babu matsala. Ya ɗaga kai ya haska tocila. Mazaunin igiya biyu ne kacal a jikin injin.

Aka kirawo mai sa hannu a rahoton, wani ɗan ƙwalisa da ake kira Injiniya.

"Yaushe rabonka da ɗakin inji?"

"Duk Litinin nake hawa, yallaɓai."

"Madalla. Mu je ka buɗe mana."

Kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa jawur. Injiniya ya murɗa makulli har ya jiƙe da gumi, ko motsi.

Sufeto ya sa aka buɗe kwamfutarsa. Ashe duk Litinin layi ɗaya yake rubuta wa manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira da ake hira da ita: rubuta min rahoton duba lifta, komai lafiya. Ita kuma ta zubo shafi biyu, har da igiyoyin da babu su. A ƙasa takan ƙara da cewa ba ta ga liftar ba, a duba da ido kafin a sa hannu.

"Wannan layin na ƙarshe fa, ina ya shiga a rahotonka?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Gogewa nake yi. Sito shida aka ɗora min, yallaɓai. Kuma kowa haka yake yi. Wata takwas ba a samu matsala ba."

"Ita da ba ta da ido ta faɗa maka gaskiya. Kai mai idon fa?"

Aka sa masa ankwa, kurata suka tasa ƙeyarsa. Manaja kuwa lauyansa ya riga ya iso, ko kujerar caji ofis bai ɗumama ba. Takaici ya ishi Sufeto.

Da kansa ya buɗe wa dattijon ƙofa.

"Baba, fito. Ba ka da laifi."

Dattijon ya miƙe da ƙyar, yana laluben takalmansa.

"To ka taimaka ka kai ni asibitin da aka kai ɗana, in ga fuskarsa."

Sufeto ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, tun jiya aka binne shi."