Ƙyalle Ɗaya a Baibai

Tsintsiya ce a hannunsa ranar da ta fara leƙa shagon. Ya tara guntayen yadi a bakin ƙofa, yana shirin kwashewa ya kai bola, sai ya ji murya a kansa:

"Malam, tsaya! Dukiya za ka zubar?"

Ya ɗaga kai. Budurwa ce 'yar siririya, buhu a kafaɗa, allura soke a bakin mayafinta. Ya dubi tulin, ya dube ta, tsintsiyar ta suɓuce masa.

"Wace dukiya kuma? Shara ce fa."

"A wajenka. Matsa in wuce."

Auta ke nan, 'yar ƙanena, wadda na raina tun ba ta san kanta ba. Sana'arta haɗa bargo da ƙyallaye. Takan bi shagunan teloli ta kwaso abin da almakashi ya bari, ta wanke, ta goge, ta yanke su daidai wa daida, ta jera su har zane ya fito, sannan ta sa auduga a tsaka da shafi a baya. Shi kuma Tela, haka duk layin ke kiransa, matashi ne mai hannu, mai kunya kamar me.

Ya durƙusa wai zai taya ta warewa. Ta ce masa ja a nan, kore a can. Ba a jima ba ta ga jan ƙyalle zaune daram a cikin koraye. Ta cire. Ya sake jefa wani.

"Tsokana ce, ko aikin ne ba ka so?"

Ya waiga ya ga babu mai jin su, ya rage murya.

"Ki rufa mini asiri. Idona ba ya raba ja da kore. Zarurrukana ma duk alama na yi musu a gindi."

"To me kake gani?"

Ya ɗauki biyu ya ɗora a tafin hannunsa. "Wannan ya fi wancan duhu. Wancan kuma ya fi su duka haske."

Auta ta kanne ido ta duba, ta sake dubawa, sai ta buga tsalle har allurar ta faɗi.

"Kai! Ka san wahalar da nake sha kafin in gane wannan? Kala ruɗin ido ce kawai. Abin da ke fito da zane a bargo haske ne da duhu. Ni sai na yi ta kanne ido kamar mai ciwon kai, kai kuma haka Allah ya ba ka!"

Tunda aka haife shi ba a taɓa yaba masa idon nan ba. Ranar ko hannun riga ɗaya bai iya haɗawa daidai ba.

Daga nan shara ta daina zuwa bola. Yakan tara mata a kwali biyu, masu haske daban, masu duhu daban. Waya kuwa ta shiga uku, ina tsakar gida ina jin Auta tana ta ƙyal-ƙyal. Da na matsa mata, ta karanta mini:

"Haskena, yau na yanka wani shuɗi mai duhu, na bar miki gefensa da gangan. Kada mai kayan ya ji."

Ta mayar masa: "Duhuna, ka ji tsoron Allah, abin da ya faɗi ƙasa kawai nake so. Amma ajiye mini, ina zuwa."

Na ce, "Wane irin suna ne Duhuna? Saurayi ne ko ɗaukewar wuta?"

Ta ce, "Goggo, in babu duhu a gefe, haske ba ya fitowa a bargo."

Na ce to, Allah ya kyauta, amma a raina na san yaron ya shigo gida.

Sai suka ƙudura haɗa bargo nasu na kansu. Wayyo, rigimar da aka sha kan zane! Ita tana son tsani, layi bisa layi. Shi yana son tauraro babba guda, mai fiffike takwas. Suka share teburin yankansa suka yi ta jera ƙyallaye suna rushewa. Ta kawo ruwan hoda, ya ce ya yi sanyi, zai ɓace. Ta kawo ruwan ƙasa, ya ce ya cinye na kusa da shi. Ta kawo ruwan ɗorawa, ya tafa: "Shi ne! Sa shi a bakin fiffiken, sai ya yi kamar ana hura wuta." Tauraro ya ci. Ta kwashe ta kawo gida, ta hau keke tana ɗinki tana waƙa.

Akwai abu guda da Auta ke yi wa kowane bargo. A kusurwar ƙasa takan ɗinka ƙyalle ɗaya a baibai, bayansa a waje. Dalili? Shagon kayan ɗakin da take kai wa aikinta, mai shagon takan manna wani ɗan tambari mai rubutun waje, ta ce wa masu saye daga ƙetare aka kawo. Ba ta taɓa ambaton sunan yarinyar ba. To wannan baibai ɗin shi ne sa hannun Auta.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne inda raina yake ɓaci har gobe.

Wata rana da hantsi Hajiya, mahaifiyar Tela, ta zo shagon ba zato. Ta tarar da Auta a durƙushe tana ware ƙyallaye, ɗanta na tsaye yana mata dariya. Yarinya ta gaishe ta da ladabi. Ba ta amsa ba. Ta fito tsakiyar layi, inda duk teloli ke ji, ta ɗaga murya:

"Wannan ce? Wannan ce ka ce mini za ka aura? Mai tsintar tsumma? Ina raye ba za a shigo mini da bola gida ba!"

Kekuna suka tsaya cak. Wani ya yi dariya. Auta ta ɗauki buhunta ta fito, ko waiwaye babu.

Allah ya taimaki Hajiya ba na wurin. Tsumma! Yarinyar da ba ta taɓa roƙon kowa ba, da yatsunta duk huda-hudar allura, ita ce za a tozarta a gaban maza? Da labari ya iso ni na ɗauki mayafi, Auta ta riƙe mini ƙafa tana kuka. Na zauna, amma na rantse kalmar nan sai an haɗiye ta a inda aka tofar da ita.

Tela ya yi ta aiko saƙo. "Haskena, ki yi haƙuri, zan shawo kanta. Ki ce mini ko da kalma ɗaya." Ta kife wayar. Bargon tauraro da ta gama, ta kasa ko kallonsa. Ta naɗe shi ta kai shagon kayan ɗaki, ta ce a sayar.

Ashe mai shagon 'yar aminiyar Hajiya ce, kuma ita ce Hajiya ta daɗe tana sha'awar ɗanta ya aura. Ta ga bargon da ya fi duk na shagonta kyau, ta manna masa tambari, ta sa a leda mai ƙyalli, ta kai wa Hajiya kyauta. Har da hoto ta ɗora a waya: ita a gefe tana fari da ido, Tela a tsaye rungume da ledar, bakin tauraron na leƙowa.

Auta ta gani. Ta rubuta masa:

"Na ga hoto. Ashe da ni aka yi aikin, da wata za a lulluɓa. Allah ya sanya alheri."

Kafin ta ajiye wayar amsa ta shigo:

"Haskena, wallahi a naɗe aka miƙo mini, Umma ta ce in riƙe. Yanzu aka shimfiɗa shi a falo. Kowa na yaba kaloli, ni kuwa tauraronmu na gani. A kusurwa akwai ƙyalle ɗaya da ya fi 'yan'uwansa haske, na taɓa, a baibai yake. Gobe da la'asar ƙawayen Umma za su zo kallonsa. Ki zo da Goggo. Ki yarda da Duhunki."

Auta ta ce ba za ta ba. Na ce, "Tashi ki goge mayafinki. Ko a baya zan goya ki."

Muka tarar da falo cike da mata, turare kamar zai kayar da mutum. An baza bargon a kan doguwar kujera, Hajiya na shafa shi.

"Ku dubi aiki! Waɗannan mutanen ƙetare, Allah ya ba su hannu. Ina za ka samu irin wannan a nan?"

Mai shago na gefe tana murmushi. Da ta hango Auta, murmushin ya bushe.

Hajiya ta haɗe rai. "Baiwar Allah, lafiya? Wa ya gayyato ku?"

Na ce, "Lafiya ƙalau. Tsummanmu muka zo gaisarwa."

Tela ya durƙusa a gabanta. "Umma, ki gafarce ni, ni na kira su. Don Allah ki ɗaga kusurwar nan."

Ta ɗaga tana harararsa. Ya nuna mata ƙyallen baibai, ya faɗa mata ma'anarsa. Mai shago ta yi caraf ta ce kuskuren kamfani ne. Tela bai ko dube ta ba.

"Umma, to dubi tsakiyar tauraron. Kamfanin ne ya shiga durowarki?"

Hajiya ta sunkuya. Shuɗin yadi ne mai zaren zinare a jiki. Wata ƙawarta ta dafe ƙirji: "La! Ba rigarki ba ce, wadda kika ce mana babu mai irinta?" Hajiya ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da rigar, ta ɗora hannun rigar a kan tauraron. Ko tantama babu. Ɗanta ne ya ɗinka mata ita, wannan kuma ragowar da ta faɗi ƙasan teburinsa ce.

Falo ya kaure. Mai shago ta ce wai ana kiranta a waya, ta fice ta bar takalmi ɗaya a juye.

Ni na buɗe baki zan sauke abin da na daɗe ina dafawa, sai Auta ta riga ni. Murya ƙasa-ƙasa ta ce:

"Hajiya, bargon tun farko na gidan nan ne. Da muke jerawa, shi ya ce a sa naki a tsakiya, don duk sauran a jikinsa za su jingina."

Hajiya ta dubi ɗanta, ta dubi yarinyar, idonta ya ciko. Ta kamo hannun Auta, ta juya shi, ta ga hudar allura a yatsu.

"'Yata, na yi kuskure. Ki yafe mini."

Mata suka fara "Alhamdu lillahi". Na ce, "A'a, ku dakata. Hajiya, a falon nan kika zage ta?"

Ta ce a'a.

"To a inda aka ɓata, a nan ake gyarawa. Teloli sun ji na farko, sai su ji na biyu."

Auta na ja mini mayafi, "Goggo, don Allah." Na ce sake ni. Hajiya ta dube ni, ta ce, "Kin fi ni gaskiya, Yaya."

Kuma ta cika, wannan kam ba zan rage mata ba. Washegari da hantsi ta iso layin teloli da jaka shaƙe da tsofaffin zannuwanta. Ta tsaya daidai inda ta tsaya ran nan, kekuna suka sake tsayawa.

"Jama'a, a nan na kira yarinyar nan mai tsintar tsumma. To ga nawa tsumman na kawo mata da hannuna. Surukata ce, in ta yarda."

Ta sunkuya, da girmanta da zobbanta, ta tsinci wani guntun yadi a ƙofar shagon ɗanta, ta miƙa wa Auta. "Wannan a wane kwali ake sa shi?"

Teloli suka ɗauki tafi da buga tebur. Wanda ya yi dariya ran nan shi ya fi kowa ihu, na gane shi, na kuma gaya masa na gane shi.

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Ango ya kasa rufe baki, amarya ta yi kyau har na manta ina fushi da mutane. Hajiya ta hana bargon tauraro, ta ce ko da wuƙa ba za a raba ta da shi ba, don haka suka haɗa sabo da zannuwanta, wannan karon tsanin Auta. A layin koraye akwai ja guda ɗaya, ango ne ya jera shi. Na ce ta farke, ta ce, "Goggo, bar shi. Nawa sa hannun yana kusurwa, wannan na Duhuna ne."

Saura mai shago. Har yau ba ta zo ta ba yarinyata haƙuri ba, kuma ina nan ina jira, ƙofata a buɗe take. Ku kuma da kuka sayi bargon ƙetare a wajenta, ku je ku ɗaga kusurwar ƙasa. In kun ga ƙyalle ɗaya a baibai, ku cire tambarin nan, ku san hannun wa kuke lulluɓa da shi.

Su kuwa, Allah ya haɗa kansu kamar yadda suke haɗa ƙyallaye, ɗinkin da ba ya farkewa. Ya ba su zuri'a mai albarka, masu haske da masu duhu, duk muna so. Amin.