Ƙafa Ɗaya a Ciki

"Ɗauko mayafinki mu tahi, Murjanatu! Na gaji da jin sunanki bakin mutanen Wara!"

Baba Illo ke nan, mahaifinta, tsaye a tsakar gidanta yana huci. Ta san abin da ya kawo shi.

Jiya ya matsa wa mijinta Sufyanu ya bi su tafki, wai namiji ba ya zaman ɗaki. Ana zuba taru, masunta suka hau dukan ruwa da filafili don koro kifi, yadda suka gada. Ƙarar na tashi Sufyanu ya kife a cikin jirgi, hannu bisa kai, yana ihu a kwanta, a kwanta! Aka yi ta dariya. Mutumin da ya yi shekaru a soja, shi ne ke karkarwa a gaban jama'a.

"Baba, ba ya da lahiya ne..."

"Lahiya? Mi yaka yi in ba shahe-shahen fenti ga ruɓaɓɓun allunan jirgi ba? Wanga miji ne?"

Maganar ta soke ta, don ita ma ta gaji. Tun da Sufyanu ya ajiye kaki, magana sai ta roƙa, dariyarsa kuwa har ta manta yadda take. Amma son nan yana nan daram, ya ƙi barinta.

"Baba, shigo ka gani. In ka gani ka ce in bi ka, wallahi ina binka."

Ya shiga ɗakin yana tsaki. Sufyanu na durƙushe da buroshi, ya gaishe shi kai a ƙasa. Alluna ne jingine ko'ina, zane ɗaya a jikinsu duka: soja da jakarsa, tsaye a bakin wata shuɗiyar ƙofa, bai shiga ba.

"Wagga ba ƙoharku ba ce?"

"Ita ce, Baba." Sufyanu ya ajiye buroshin. "Jikina ya dawo tuni... sauran ne ke tahe sannu."

Murjanatu ta juyo allon da fentinsa bai bushe ba. Ita ma yau ta fara ganinsa. Sojan ya jefa ƙafa ɗaya ciki, ga hannun mace da jan lalle ya ɗaga masa labule.

Hawaye suka ɓalle mata.

"Haba nawa... ashe kana ganina?" Ta juya ga mahaifinta. "Baba, ƙaha guda ya shigo da ita. In na bi ka, wa za ya iske ciki?"

Tsohon ya daɗe yana kallon allon. Ya juya ya fita ba tare da ita ba. Sai da ya kai zaure ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Sufyanu, tsohon jirgina na bakin ruwa, allunan da sauran ƙwarinsu. Ka zo ka kwashe."