Kwalin Subiyar Marwan

"Umma, don Allah ki bari in sa shi a firij! Marwan ya ce kada ya kwana a waje!"

Nasiha ce ke magana daga ƙofar uwar ɗaka, waya a hannunta. Hajiya Ummulkhairi ko ɗago kai ba ta yi ba. Tana ta jera kaya a gefen gado: dabino, alawa, turare, sai wani ƙaton kwali da aka naɗe da salatif ta ko'ina.

"Ke, rufe min baki! Yaushe aka fara buɗe kayan gaisuwar iyaye kafin waliyyi ya gani? So kike Baffanki ya dawo daga Madina ya ce mun raina shi don ubanki ba ya raye?"

"Ya Ummi, ai ba buɗewa zan yi ba. Firij kawai."

"Wane firij? Wannan ɗan namu da ko kaza biyu ba ya ɗauka? Sai an farke kwalin zai shiga, ni kuwa ba mai farke shi. Gobe-gobe Baffanki zai iso. Kalas!"

Nasiha ta turo baki ta koma falo.

Kada ku ga laifin Hajiya da yawa. Tun da suka zo aikin Hajji daga Kano suka zauna a unguwar Tandabawi da ke Makka, ba ta taɓa barci da zuciya a sake ba, bare da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tilo. Wansa, Baffa Tijjani, shi ne gatansu. Tsoron ɓata masa rai take kamar me.

Shi kuwa Marwan, mai neman auren Nasiha, yaro ne natsattse, iyayensa Hausawa ne da suka biyo ta Cadi. Yana aiki a wani tsohon shagon subiya da ke unguwar Zahir. Subiya kuwa, ga wanda bai sani ba, abin sha ne na mutanen Makka: a jiƙa sha'ir da busasshen burodi, a tace, a sa sukari da kayan ƙanshi, a sha da sanyi. Murna ce ta sa ya cika kwali da ledojin subiya na hannunsa, ya haɗa da kayan gaisuwa. Shi a ganinsa babu kyautar da ta fi wadda mutum ya yi da guminsa.

To, Baffa bai iso gobe ba. Kwana ya bi kwana, wai abokinsa ba lafiya. Na'urar sanyaya ɗakin kuma ta zaɓi wannan makon ta mutu. Ga zafin Makka, wanda ya sani ya sani.

Ranar da ya dawo, matan dangi suka cika falo. Baffa ya zauna da farar jallabiyarsa, aka gabatar da kaya. Ya ɗanɗana dabino ya sa albarka. Ya ja kwalin, ya sa wuƙa.

Fau!

Leda ta fashe, kumfa ta wanke masa gaba tun daga gemu har gwiwa. Sauran ledojin duk sun kumbura kamar za su tashi sama. Wani wari mai tsami ya cika falon, mata suka toshe hanci da mayafi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Baffa ya miƙe yana karkaɗe hannu. "Giya! Giya a maƙwabtan Ɗakin Allah! Na san warin nan tun ina yaro idan an aike ni Sabon Gari!"

"Yaya, wallahi subiya ce," in ji Hajiya. "Ni na ajiye ta ina jiranka. An ce in sa a firij na ƙi. Ko kunun zakinmu ai idan ya kwana a zafi..."

"Kada ki haɗa min kunu da wannan ƙazanta! Abin kirki ba ya komawa haka don an ajiye shi. Dama can abin da suke sayarwa ke nan a ɓoye." Ya juya ga Nasiha. "Ke kuma, daga yau na kashe maganar. 'Yar ƙanena ba za ta auri mai tsima giya ba!"

"Baffa, ka ji tausayina! Ka kira shi ka ji ta bakinsa!"

"Ban san shi ba, ba na son in san shi. Ki yi masa buloking a gabana."

Ta ɗauko wayar. Amma kafin ta danna, sai da ta tura masa abin da ya faru cikin kalmomi kaɗan. Amsarsa ta ƙarshe ta shigo: "Ki bi maganar Baffa. Kada ki ɓata wa Umma rai. Allah na nan."

Daga nan gidan ya zama kamar gidan makoki. Nasiha ba ta yi wa uwarta tsiwa ba, ba ta ce "ai na faɗa miki" ba ko sau ɗaya. Wannan shirun ne ya fi cin Hajiya. Yarinya ta yi shara, ta yi girki, ta zuba wa uwarta, ita kuma ta ce ta ƙoshi. Wuya ya fara fitowa. Idan ta idar da salla sai ta daɗe a sujada, kafaɗunta na girgiza.

Hajiya ta rasa inda za ta sa kanta. Idan yarinyar nan ta kwanta ciwo fa? Idan Yaya ne ke da gaskiya fa, ta miƙa 'yarta ga mutumin banza? Ita kanta ba ta taɓa taka ƙafa shagon ba, don kunyar suruki.

Wata safiya ta zura abaya, ta ɗaura niƙabi, ta hau mota zuwa gidan Baffa a Aziziyya.

"Yaya, ban zo musu ba. Idan giya suke sayarwa, ai bai kamata mu yi shiru ba. Taso mu je ka kama su da idonka. Yaron bai san fuskarka ba, ni kuma ga niƙabi."

Baffa ya shafa gemu. "Yanzu kika yi magana. Yau zan tona musu asiri!"

Da hantsi suka isa Zahir. Shagon na cikin wani lungu bayan kasuwa, ƙofarsa ta katako ce irin ta da, ta sha hannu har tana sheƙi. Tun daga bakin lungun ƙanshin kirfa da hel, ɗan ƙwayar ƙanshin da Larabawa ke sawa a gahawa, ya tare su. Hajiya ta shiga da bismilla, sai ta tsaya turus.

Kai, wuri ya yi kyau! Ƙasa a wanke tas. Manyan tukwanen ƙarfe jere a bango, kowacce na zufar sanyi, kowacce da ludayinta. Ga farar subiya ta sha'ir, ga ja, ga ta tsamiya mai launin ƙasa, ga ta zabibi. Ga zoɓo, wanda su ke kira karkade, ga lemon tsami da na'ana'a, ga wasu da ko sunansu ba ta taɓa ji ba. A kan dogayen bencina tsofaffin unguwa na hira da carbi a hannu. Wasu mahajjata da sabon aski, da gani daga Umra suke, suna ɗaga kofi suna hamdala. Balarabe, Bahaushe, mutumin Indonesiya, duk benci ɗaya.

A bakin magudana wani dattijo mai jan rawani yana tuntsurar da tukunya guda, farar subiya na malala. Shi ne Ammu Hatim, mai shagon.

"Kai, bawan Allah!" in ji Baffa da Larabcinsa na kasuwa. "Me ya sa kake zubar da abinci?"

"Ta jiya ce, ya Hajji. Mun raba wa masu shara, wannan ta rage. Tun zamanin kakana subiya ba ta kwana a shagon nan ta shiga cikin mutum. Tafaddal, ku zauna. Marwan! Baƙi!"

Saurayi ya fito daga ciki yana goge hannu. Hajiya ta sunkuyar da kai. Ya rame shi ma, idanu sun faɗa. Da ya ga hular Baffa sai ya juya harshe zuwa Hausa.

"Sannunku da zuwa, Baba. Sannu, Hajiya. Wacce za a kawo? Ko in ɗan zuzzuba muku ku ɗanɗana?"

Ya jero ƙananan kofuna a faranti. Baffa ya ɗauki na farko ya shinshina kamar mai neman laifi. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Ya ɗauki ja. Ya ɗauki ta tsamiya. Da ya zo kan wata mai ɗan duhu sai ya ware ido.

"Wannan fa? Citta nake ji da kanumfari!"

Ammu Hatim ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan ƙirƙirar Marwan ce, don mutanenku. Har suna ya sa mata, sunan wata yarinya. Yanzu ko ambatonsa ba ya iya yi."

"Ammu, don Allah..." in ji Marwan, ya kau da kai.

Hajiya ta ɗaga gefen niƙabi ta kurɓa. Sanyi ya ratsa ta har ƙirji, ta tuna kunun zakin da uwarta ke damawa a Fagge. Baffa dai ya tuna abin da ya kawo shi, ya ajiye kofi, ya matso, ya rage murya.

"Yaro, ni matafiyi ne. Jibi zan tashi zuwa Kano. Ka cika min kwali biyu, ka naɗe da salatif sosai, in kai wa abokai tsaraba. Ka gane ai, kafin in isa ta yi... ƙarfi. Ko kuna da wadda ta riga ta yi ƙarfin a ciki?"

Fuskar Marwan ta canja.

"A'uzubillahi. Baba, ka yi haƙuri, ba zan sayar maka ba."

"Kamar yaya? Da kuɗina?"

"Ko shagon za ka saya. Subiya idan ta bar sanyi ta daɗe, juyewa take ta zama abin da Allah ya hana. Ka sha a nan iya cikinka, ni na ba ka. Amma ba za ta bi ka hanya ba. Ga ɗakin da muke jiƙo can a buɗe, shiga ka duba kowace tukunya."

"Kwali yake tsoro yanzu," in ji Ammu Hatim, yana zama kusa da su. "Ya kai wa surukansa kwali guda, aka ajiye ta juye, aka fasa ba shi yarinya. Na ce masa, je ka faɗa musu laifin uwar ne da ta ƙi sawa a firij. Ya ƙi!"

"Ba laifin Umma ba ne," Marwan ya faɗa da sauri. "Al'adarmu ta bi, ta girmama babba. Ni da na san al'adar, na kuma san halin subiya, ni ne na naɗe ta cikin kayan gaisuwa. Gara in rasa auren da in tsaya gaban mutane in kunyata matar da ta haifi Nasiha."

Nan fa Hajiya ta kasa. Kuka ya ƙwace mata, niƙabi ya jiƙe sharkaf.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Allah ya yi maka albarka!"

Marwan ya san muryar. Ya ajiye faranti, ya zube ƙasa a durƙushe. "Umma? Ke ce?"

Baffa ya miƙe, ya shiga ɗakin jiƙon, ya buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya, ya shinshina. Da ya fito idonsa ya yi ja. Ya tsaya a kan saurayin.

"Ni ne Tijjani, waliyyin Nasiha. Na kira ka mai tsima a gaban mata, ban taɓa ganin idonka ba. Ka yafe min."

"Baffa, ai ba ka yi min komai ba. 'Yarka ka kare."

"Tashi. Ka ce wa magabatanka su same ni bayan sallar Juma'a." Ya ɗan gyara murya. "Amma jallabiyata da ka ɓata, sai ka biya ni da wannan mai cittar. Babban kofi!"

Shago ya ɗauki dariya, tsofaffi na ta "Mabruk! Mabruk!" Ammu Hatim da kansa ya ɗauki ludayi.

Da suka koma Tandabawi, Baffa ne ya shiga gaba da leda mai sanyi a hannu. Ya tarar da Nasiha kan sallaya.

"Ke, 'yar Baffa, karɓi wannan ki shanye yanzu-yanzu, kada ta kwana. Sannan ki cire wa yaron nan buloking ɗin."

Nasiha ta dubi Baffa, ta dubi uwarta da ke share hawaye tana gyaɗa kai. Sai ta faɗa jikin Hajiya da kuka da dariya a haɗe.

An ɗaura aure kafin azumi. Ranar walima Ammu Hatim ya turo tukwane cikin ƙanƙara, ba a bar ko ɗigo ya kwana ba. Washegarin kai amarya kuma aka ga mota ta tsaya ƙofar Hajiya da firij mai ƙofa biyu, saƙon ango. Hajiya ta rufe fuska don kunya, maƙwabta na tsokanarta: "Hajiya, wannan kam zai ci kwali!"

'Ya'yana, ku duba fa. Da Nasiha ta yi wa Baffanta tsaurin ido, da Marwan ya wanke kansa da mutuncin uwarta, da yanzu sai dai labari. Haƙurinsu da ladabinsu ne suka ba su juna. Mu kuma iyaye, mu ji tsoron Allah: idan yara sun faɗa mana abin da suka sani mu saurara, kuma kada mu yanke wa ɗan mutane hukunci da hanci, alhali ƙafarmu za ta iya kai mu mu gani da ido.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya haɗa su da masu rufa mana asiri. Amin.