Baƙon da Ya Zauna a Ɗakin Magana

Wata Laraba ce, kwana tara bayan an gama yankan gero, rana ta yi ja a bayan rumbunan Gagarawa. Malam Ɗalha yana alwala a ƙofar ɗaki sa'ad da matarsa Tayyiba ta sauke tukunya, ta watsa ruwan zafi a makwarara. Bai ji ta yi bisimilla ba. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan, sai ta dafe kai, ta sulale ƙasa a hankali.

Da ta farfaɗo, bakinta ya ɗan karkace, hannun dama ya yi nauyi. Ta dube shi ta yi magana mai tsawo, amma babu kalmar Hausa ko ɗaya a ciki. Fillanci ne. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, bai taɓa jin ta yi shi ba. Ya dai san a ruga aka haife ta wajen Maigatari, uwarta ta rasu tana shekara biyar, aka kawo ta riƙo cikin gari.

Tun daga ranar, da an kira magariba sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗakin. Ɗaya, sai shiru, sai biyu. Malam Ɗalha ya zagaya gidan sau uku, bai ga kowa ba.

'Yarsu Murja, ma'aikaciyar jinya a Gumel, ta zo washegari. Ta ce, "Baba, hawan jini ne ya buge ta. Magana tana da wurinta daban a ƙwaƙwalwa, ta gefen hagu. Ka ga ai ta gane mu, tana jan carbinta daidai. Wurin maganar ne ya samu rauni. A kai ta asibiti."

"To me ya sa ya ɗauke Hausa ya bar Fillanci? Ciwo zaɓe yake yi?"

"Likitocin ma ba su gama sanin wannan ba."

"Tsakuwar fa? Ita ma hawan jini ce?"

Murja ta tashi ta koma wajen uwarta.

Abin da ke cin Malam Ɗalha bai faɗa wa kowa ba. Bai tabbata ba ko wadda ke kwance a gadon nan matarsa ce, ko wani ne ke kallonsa ta idanunta. Ya daina shiga ɗakin.

Ran kwana na biyar aka kawo Malam Zayyad daga Ɗanzomo, mai ruƙiyya, wanda yake jin Fillanci. Ya jira har rana ta faɗi, ya sa garwashi da habbatussauda, ya yi ta karatu a kunnenta. Kaji suka yi tsit a akurki. Can sai jikinta ya ɗauki rawa, murya ta fito mai kauri, tana jan kalmomi cikin Fillanci.

Malam Zayyad ya juyo ya ce, "Aljani ne. Ya ce ruwan zafi ya ƙona masa ɗa. Ya shiga kanta ya tarar da ɗakuna da yawa a kulle. Ɗaya ya samu a buɗe, inda take ajiye magana, a nan ya zauna."

Malam Ɗalha ya ce, "Allah gafarta Malam, me yake so?"

"Baƙin bunsuru, a yanka masa a makwarara." Ya koma kan muryar ya daka tsawa: "Ba ma yanka don wanin Allah! Za a toshe makwararar a sauya mata wuri. Ka karɓa ko in ci gaba?"

Aka daɗe ana ja-in-ja. Daga bisani Tayyiba ta yi atishawa sau uku, ƙaramin yatsan ƙafarta ya karkaɗa, ta yi barci. Tsakuwa ba ta ƙara faɗowa ba.

Amma da gari ya waye, Fillancin dai take yi. Malam Ɗalha ya zauna yana saƙe-saƙe. Duk abin da aka ce jiya, ta bakin mutum ɗaya ya ji shi. Wa ya san abin da muryar ta faɗa? Ya ce wa Murja ta nemo mota a kai Tayyiba asibiti. Kafin motar ta iso, ya tare Asama'u mai tallan nono a ƙofar gida.

"Shiga ki gaishe ta. Abin da ta ce ki faɗa mini, kada ki ƙara, kada ki rage."

Asama'u ta jima a ciki. Ta fito tana gyara ƙwaryarta, ta ce, "Malam, maganarta a kakkarye take, kamar ta ƙaramar yarinya, da ƙyar na haɗa. Ta ce ta ga kana ɗingishi ta tsakar gida. Man zafin gwiwarka yana cikin kwalla ƙarƙashin gado, kwana shida tana son gaya maka."

Malam Ɗalha ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya ɗaga labule. Ya durƙusa da ƙyar, ya jawo kwallar, ya buɗe. Man yana nan, a naɗe cikin tsohon kallabinta. Ya zauna a gefen gadon, ya kama hannun nan mai nauyi ya riƙe, har direba ya gaji da yin oda a waje.